Sabino Yana Wurin Kawu

Buenos Aires, Afrilu 1997

Yaya Nemesio,

Gaisuwa mai yawa daga ƙanwarka da ta kwana biyu ba ta ga gida ba. Yaya Mama da ciwon ƙafarta? Yaya tarinka? Kada ka ce mini da sauƙi, tun ina gida kake cewa da sauƙi. Ka gaishe mini da Eleuteria matar Sabino, da 'yar jaririyarsu da har yau ban san fuskarta ba. Ni lafiya nake, in ban da baya da ke damuna saboda zaman keken ɗinki. Wandunan 'yan makaranta muke ɗinkawa a kwanakin nan, duk shuɗi, har in na rufe ido shuɗin nake gani.

Doña Gumercinda mai safarar kaya daga Potosí ta kawo mini 'yar takardar da Mama ta sa aka rubuta mata. Magana biyu ce kawai a ciki: "Sabino yana wurin Kawu. Ki yi masa addu'a irin taku." Yaya, a tsaye na fara karantawa, a durƙushe na gama. Na yi kukan murna har matan shagonmu suka tsayar da kekunansu. Ashe yaron nan zai ji magana! Tun yaushe nake ce masa ya bar ramin kuza ya tafi Sucre wurin Kawu Fermín, ya riƙa bin motarsa ta lemo? Ko yaron mota ya zama, ai yana shaƙar iska, yana ganin rana.

Na san ba ka son wannan zancen, amma sai na yi. Tun da Sabino ya karɓi baftisma bara a coci irin namu na san Ubangiji ba zai bar shi a can ba. Ya rubuto mini cewa ya daina zama a gaban gunkin lakar nan naku na cikin rami, mai ƙaho da buɗaɗɗen baki, wanda ba na ko son kiran sunansa. Ya daina sa masa taba a baki, ya daina zuba masa barasa da ganyen koka da kuke taunawa. Ya ce dariya kuke yi masa, kuna kiransa Fasto. To yau ga Faston naku a waje, ku kuna ciki. Ranar Lahadi na miƙe a gaban jama'a na ba da shaida, aka yi ta tafi.

Saura kai, Yaya. Kai ka fi kowa daɗewa a ramin nan, tun ranar da Baba ya rasu ka ɗauki hular kwanonsa. Kullum sunanka yana cikin addu'ata, ko kana so ko ba ka so.

Na saƙa wa jaririyar rigar sanyi, tana hannun Doña Gumercinda. Ka ce wa malalacin nan ya rubuto mini daga Sucre.

Ƙanwarka,
Casilda

Potosí, Mayu 1997

Casilda,

Wasiƙarki ta iso. Mama tana nan, ciwon ƙafar yana nan, tarina ma yana nan. Eleuteria ta karɓi rigar, ta gode. Sunan yarinyar Rufina.

Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Ba Kawu Fermín Mama take nufi ba. Kin daɗe da daina kiran sunan, shi ya sa kika manta wa muke ce wa Kawu a gidan nan. Na cikin ramin take nufi, mai ƙahon. Sabino yana cikin dutse. Rufin wurin da muke haƙa ya rufto a kansa a makon da ya biyo bayan bikin Carnaval, kuma har yau ba mu fito da shi ba. Mama ba ta ga gawa ba, bakinta bai iya cewa ya mutu ba, sai ta faɗi abin da mutanenmu suke faɗa. Ni ya kamata in rubuto miki. Na sha ɗaukar biro ina ajiyewa.

Mun yi haƙa, da diga, da shebur, da hannu. Muna kwashewa dutsen yana ƙara zubowa. Mukan buga ƙarfe a jikin bututun iska, mu yi tsit mu saurara. Wani ya ce ya ji amsa, wani ya ce ruwa ne ke ɗiga. Da kwanaki suka yi yawa shugaban ƙungiyarmu ta masu haƙa ya ce a tsaya, kada garin neman mutum ɗaya a bar goma a ciki. Aka gitta katako a bakin wurin.

Mama ta je wurin Fada na cocin Katolika ta roƙi a yi masa addu'ar mamaci. Ya ce mata, "Mama, ina gawar? Kuma ɗanki ai da ƙafarsa ya bar mu. Ki je wurin mutanensa." Ta je wurin Faston naku na nan. Ya riƙe hannunta ya ce, "Mu ba ma yi wa matattu addu'a, Mama. Yana wurin Ubangiji, ki yi murna." Ta dawo ta zauna a bakin ƙofa ta ce, "Nemesio, wannan ya ce ba nasa ba ne, wancan ya ce in yi murna. To wa zai binne mini ɗa?"

Mutanen rami kuwa ba su da wata shakka. Don Evaristo, wanda ya fi kowa tsufa a cikinmu, ya ce mini a gaban kowa, "Ƙanenka yaron kirki ne, amma ba a shiga gidan mutum kullum a wuce shi babu gaisuwa. Allah yana da sama da ƙasa, har zuwa bakin rami inda gicciye yake. Daga nan zuwa ciki na Kawu ne. Shi kuwa har waƙar coci yake rerawa a ciki." Na ɗaga hannu zan mare shi, tari ya sarƙe ni. Abin da ya fi ci mini rai, ba a daɗe ba sai ga kuza ta bayyana a ramin da ke kusa, irin wadda muka yi shekaru ba mu gani ba. Suka ce Kawu ya ci ya ƙoshi, yanzu yana sakawa. Har da masu sayen sabon rediyo.

Mama ba ta bar kowa ba. Da safe takan kunna kyandir a gaban gicciyen bakin rami, ta tona ƙasa ta zuba wa Uwar Ƙasa barasa, sannan ta ba ni ƙullin koka ta ce in kai wa Kawu, in ce masa ya riƙe kuzarsa ya ba ta ɗanta. Ina kaiwa.

Ban ce ke ce sanadi ba, Casilda. Wasu suna faɗa, ni ban faɗa ba.

Yayanki,
Nemesio

Buenos Aires, Yuni 1997

Yaya,

Ina gaishe ku, ko da yake ban san yadda zan yi maka ta'aziyyar wanda ni ma ƙanena ne ba. Ka riƙe mini hannun Mama. Ka ce wa Eleuteria ina tare da ita. Lafiyar jiki ina da ita.

Na yi kwanaki ban shiga shago ba. Abin da nake ta gani shi ne ni a tsaye gaban jama'a ina ba da shaida, ana tafi, shi kuwa yana ƙarƙashin dutse. Ubangiji yana kallona ina gode masa a kan abin da bai yi ba, kuma bai kama bakina ba.

Ka ce ba ka ce ni ce ba. Yaya, na san ka. Da abin ba ya ranka da ba ka rubuta ba. To ga amsata, ka kai wa Don Evaristo. Wane irin mai gida ne zai kashe saurayi mai jaririya don bai sa masa taba a baki ba? In da gaske yana nan kuma shi ya yi, to Shaiɗan ne kamar yadda ake gaya mana, kuma kuna ciyar da wanda ya cinye muku ƙane. In kuwa laka ce kawai, me kuke tsoro? Baba bai taɓa wuce shi babu gaisuwa ba. Kowace shekara da shi ake yanka lama, dabbar nan tamu mai kama da ƙaramin raƙumi, a shafa jininta a bakin rami. Me ya samu? Ya mutu yana tofar da huhunsa a kwano. Allah ɗaya ne, kuma ikonsa bai tsaya a bakin rami kamar ɗan sandan da aka hana shiga ba.

Na rubuta wannan da ƙarfina, amma bari ka ji sauran. Na je wurin Fastonmu na nan. Ya ce Sabino ya mutu a kan gaskiya. Na ce, "Fasto, roƙo na yi a fitar da shi daga ramin." Ya ce, "Ai an fitar da shi, 'yar'uwa, ba dai ta ƙofar da kika zata ba." Waɗanda ke wurin suka ce amin. Ni ban ce ba. In na aiki mutum ya ɗauko mini yaro daga makaranta, ya kawo mini gawarsa ya ce ai ya ɗauko, me zan kira shi? Nakan tuba da wannan tunani, sai ya dawo.

Abu biyu nake roƙonka. Ka daina kai ƙullin kokan nan da sunan Sabino. Ya ƙi abin yana da rai, kada ku yi masa dole bayan ransa. Sannan kada ku bar shi a can. Ba don gunkin yana da iko a kansa ba ne. Kai dai ka san shi da tsoron duhu tun yana ƙarami, in za mu ɗebo ruwa da asuba sai ya riƙe gefen siket ɗina. Ban taɓa gane yadda ya iya aikin nan ba. Ka fito da shi, Yaya.

Casilda

Buenos Aires, Satumba 1997

Yaya Nemesio,

Ina fata kuna lafiya, tunda babu wanda ya ga damar gaya mini. Doña Gumercinda ta zo ta koma ta sake zuwa, babu ko layi ɗaya daga gare ka. Ta ce ba ta gan ka ba, Mama kuma ta ce mata kowa lafiya. Yanzu ai na san yadda Mama take ba da labari.

In maganar da na yi a kan Baba ce ta ɓata maka rai, ka zage ni a takarda in karanta. Shirun nan ya fi zagi ciwo. In kuma ka yanke cewa ni na kashe Sabino, ka faɗa in sani.

Ina zuwa coci har yanzu, amma a baya nake zama. In ana waƙa bakina yana motsi. Matar Fasto ta kira ni gefe ta ce muddin mutanen gidanmu suna bauta wa Shaiɗan la'ana ba za ta bar mu ba, gara in yanke hulɗa da ku har sai kun tuba. Amsar da na ba ta ita ce kake riƙe da ita a hannunka.

Akwai wata tsohuwa 'yar Paraguay da kekenta yake kusa da nawa, Ña Ramona. Rannan ta ce, "Ke 'yar Bolivia, kina jiƙa wa mutane wando da hawaye." Na gaya mata komai. Ta ciji zare ta ce, "Ni Allah a wurina kamar mai shagon nan yake. Na tsufa a nan ban taɓa sa shi a ido ba. Wannan ya zo ya ce ya ce kaza, wancan ya zo ya ce a'a, kaza ya ce. Amma kullum da safe ƙofa tana buɗewa, don haka dai akwai shi."

Na ce, "Ña Ramona, wannan saɓo ne."

Ta ce, "To ki kai ƙarata, in kin san ofishinsa."

Na yi dariya, ta farko tun watan Mayu. Sai kuma tsoro ya kama ni.

Ka rubuto, ko da sunanka ne kawai.

Ƙanwarka,
Casilda

Potosí, Nuwamba 1997

Casilda ƙanwata,

Ina gaishe ki. Mama lafiya. Rufina ta fara tafiya tana dafa bango. Eleuteria ta fara tsintar kuza a cikin tarkacen da ake zubarwa a bakin dutse, da yarinyar a bayanta. Ba fushi nake yi ba. Asibiti aka kwantar da ni tun cikin sanyin watan Yuli, Mama ta hana a gaya miki. Likita ya ɗaga hoton ƙirjina a gaban fitila, na ga huhun fari-fari kamar an watsa masa gari. Bai yi dogon bayani ba. Na ga na Baba, na san karatun.

Akwai abin da ban gaya miki ba a wasiƙar farko. Ranar da abin ya faru mu shida ne. An tashi nakiya tun yammacin jiya, da safe muka shiga muka zauna a gaban Kawu muna tauna koka, kamar kullum, sai kumatu sun cika ake tashi. Sabino ba ya zama. Ya wuce mu da fitilarsa ya ce, "Ku gaishe da mai gidanku, ni na yi gaba." Don Evaristo ya ce, "Fasto, ka roƙa mana dutsen ya yi laushi." Ya yi dariya ya ce, "Sai kun tuba, tsoho." Muna jin waƙarsa tana nisa. Ba mu gama taunar ba muka ji ƙarar, iska ta taso ta watsa mana ƙura a fuska.

Da tare muka shiga, da mu shida ne a ƙarƙashin dutsen. To ki gaya mini, ke da kika sani. Don Evaristo ya ce Kawu ne ya zaunar da nasa biyar ya ci ɗayan. Eleuteria ta ce Allahn Sabino ne ya karɓi ɗaya ya fanshi biyar, ta ce ai irin aikinsa ke nan, a coci ma haka ake faɗa. Ni abin da na sani katakon da ya tokare rufin wurin ya ruɓe, kuma duk mun sani.

Ba ki taɓa tambayata me na gaskata ba, kullum gaya mini kike yi. In ina waje ina ganin rana nakan yi alamar gicciye, kuma har zuciyata nake yi. In na yi nisa a ciki, inda zafi yake shaƙe mutum, inda in ka kashe fitila ba ka sanin idonka a buɗe yake ko a rufe, nakan gaishe da Kawu, shi ma har zuciyata. Na san laka ne. Da ƙahonsa ya karye ni na kwaɓa laka na gyara masa. Amma a can ciki mutum yana jin ana sauraronsa. Wani lokaci sai in ga duk ɗaya ne, fuskar ce take sauyawa in an yi zurfi. Wani lokaci sai in ga babu kowa, daga mu sai dutse. A asibiti, ranar da numfashi ya ƙi shiga, ban kira ko ɗayansu ba. Mama na kira.

Na daina kai kokan da sunan Sabino. Da sunana nake kaiwa, in ce wa Mama saƙo ya isa.

Roƙonki na biyu kuma ina kansa. Likita ya hana ni shiga rami, ƙungiya ta hana a taɓa wurin. Amma akwai wata tsohuwar hanya ta mutanen zamanin da, wadda ta biyo ta gefe. Ranar Lahadi babu kowa a dutsen, sai in shiga. Kin san wa yake taimakona? Don Evaristo. Kullum sai ya ce, "Kawu ba ya amayar da abin da ya ci, wahalar banza kake yi," yana faɗa yana ɗauke da katako a kafaɗa.

Na kusa isa wurinsa, Casilda. Ina ji a jikina.

Nemesio

Buenos Aires, Disamba 1997

Yaya,

Na gode Allah da na ga rubutunka, na kuma gaishe ka da jiki. Ka yafe mini zargin da na yi maka.

Na karanta layinka na ƙarshe har takardar ta yi laushi. "Na kusa isa wurinsa." Me kake nufi? Haƙan, ko hoton ƙirjin? Sau ɗaya na karanta takardar gida da murna, ka ga inda ta kai ni. Yanzu tsoron karatu nake yi.

Ko wanne ne, ka tsaya. Na janye roƙona. Ban san halin da kake ciki ba lokacin da na yi shi. Sabino ba ya jin duhu yanzu, ni ce nake ji masa. Kowace Lahadi da ka shiga wurin nan ƙurar tana ci daga abin da ya rage maka. Mama ba za ta iya rasa biyu ba.

Shekaranjiya na durƙusa zan yi maka addu'a, sai na ji bakina yana cewa, "Ka ci ɗaya, ka bar mana ɗaya." Na tsaya cak. Ubangiji nake yi wa magana, amma da irin maganar da Mama take aika wa wancan. Ban san lokacin da suka gauraye a bakina ba. Ban gaya wa kowa ba sai kai.

Tambayarka ta mutum shida ba ni da amsarta. Na ɗauka ina da ita.

Ina so in zo, amma takardun zamana ba su fito ba, in na ƙetare iyaka ba lalle in samu dawowa ba. Ka jira ni, kuma ka jira ni a waje.

Casilda

Potosí, Maris 1998

Ƙanwata,

Gaisuwa daga dukanmu. Mama tana cin abinci yanzu. Rufina ta iya cewa ruwa. Wasiƙarki ta maƙale a hanya saboda ruwan sama ya cinye titi, sai cikin watan jiya ta iso. Haƙan nake nufi. Kafin ta zo mun riga mun isa.

Dutsen bai faɗa a kansa ba, Casilda. Ya toshe hanya ne, ya bar shi a wani ɗan sarari da bai fi ɗakin girkinmu ba. Ƙafarsa ɗaya ce ta karye. A zaune muka same shi, ya jingina da bango, ya cire hular kwanonsa ya ajiye a gefe. Zafin wurin ya busar da shi, amma ana gane shi. Ko yana da rai ranar da aka ce mu daina haƙa, ban sani ba. Don Evaristo ya durƙusa yana kuka kamar yaro.

A cinyarsa akwai wani abu. Akwai laka a jikin bangon inda ruwa ke tsattsafowa, ya ɗiba ya mulmula wani abu da bai fi dunƙulen hannu ba. Kai ne da kafaɗu. Ya danna wurin idanu da yatsa, ya ja layin baki. Ba ƙaho, ba gicciye, ba gashi. Wataƙila a cikin duhu ya yi shi, bayan fitilar ta mutu.

Don Evaristo ya ce Kawu ne, yaron ya gane gaskiya a ƙarshe, lokaci ne bai ishe shi ya sa ƙahon ba. Faston naku ya zo gida ya duba ya ce ba zai yiwu ba, mai bi ba ya yin gunki, zafi ne ya juya masa kai. Mama ta ce Yesu ne yana jariri. Eleuteria ta karɓa ta daɗe tana juya shi a hannunta, ta ce, "Rufina ce. Ku dubi kumatun." Suka juyo wurina. Na ce ni dai na san bai so ya zauna shi kaɗai ba ne. Eleuteria ta naɗe shi a tsumma ta sa a akwatinta, ta ce ba wanda zai ƙara ba shi suna.

Mun binne shi kusa da Baba. Fada ya ce in muna so zai zo, amma a kan cewa ɗan cocinsa ne da ya ɓata hanya. Fasto ya ce zai zo in babu kyandir babu koka. Mama ta ce, "Na bi su da ƙafata mai ciwo lokacin da ba ni da gawa. Yanzu ina da ɗana, su zauna." Mutanen rami suka zo da hulunansu a hannu, wasu 'yan cocin Sabino ma suka zo suka tsaya nesa kaɗan. Da aka saukar da akwatin, Mama ta taɓa ni ta ce, "Kai ne babba, ka ce wani abu." Na buɗe baki ban san wa zan kira ba. In na kira wannan rabin mutanen su juya baya, in na kira wancan Sabino da kansa zai ƙi. Sai na ce, "Kai da kake ji, ko wane ne kai, ga Sabino. Ya sha wuya. Ka bi da shi a hankali." Wasu suka ce amin, wasu suka zuba barasa a ƙasa. Aka rufe.

Ba na shiga rami yanzu, ko na so ba zan iya ba. Daga ɗaki zuwa bakin ƙofa sai na huta. Kada ki ɗora wa kanki wannan, da roƙonki da babu da sai na haƙa.

In za ki zo, ki zo kafin sanyin Yuni. Ba likita ne ya ce haka ba, ni na ce. In takardun sun hana ki dawowa can, akwai keken ɗinki a Potosí ma. Bayana ke ce babba, don haka ke Mama za ta taɓa a bakin kabarina ta ce ki yi magana. In ta taɓa ki, ki kira sunan da kika sani. Ba zan ji haushi ba.

Yayanki,
Nemesio